TSARKIN ZUCIYA DA SHAIDARMU GA MARASA BI

Karatu: Littafin Sarakuna na Biyu, sura 5

  

Yau za mu yi tunani a kan abubuwa biyu waɗanda sau da yawa mukan raba su, amma Maganar Allah ta ɗaure su wuri ɗaya. Na farko shi ne tsarkin zuciya. Na biyu shi ne kai bishara ga waɗanda ba su ba da gaskiya ga Almasihu ba tukuna. Mukan ɗauka tsarkin zuciya al'amari ne tsakanin mutum da Allahnsa, shaida kuwa aikin baki ne da ƙafa. Amma ku dubi mai tallar nono. Kome kyawun nonon da ta tatso, in ta zuba shi a ƙwaryar da ba a wanke ba, kafin ta kai kasuwa ya lalace, mai saye kuma zai ce nonon ne ba shi da kyau. Bishara ba ta da aibi. Zuciyarmu ce ƙwaryar da muke ɗauke da ita zuwa wurin maƙwabcinmu, shi kuwa yakan fara duban ƙwaryar kafin ya ɗanɗana abin da ke ciki.

In kana da Littafi Mai Tsarki kusa, ka buɗe Sarakuna na Biyu, sura 5. A cikin wannan sura ɗaya za mu sadu da wani babban mutum marar bi, da kuma mutanen Allah uku waɗanda suka yi hulɗa da shi. Dukansu uku sun san Allah na gaskiya, amma zukatansu ba iri ɗaya ba ne.

MUTUMIN DA AKA KAI WA SHAIDA

Abin ya faru kimanin shekara 850 kafin haihuwar Almasihu. Na'aman shi ne shugaban sojojin Suriya, ƙasar da babban birninta shi ne Dimashƙu. A zamanin nan tsakanin Suriya da Isra'ila babu shiri. Yau yaƙi, gobe sulhu, jibi hari. Sarki Ahab na Isra'ila ma a wurin yaƙi da Suriyawa ya mutu, a Ramot-gileyad. Saboda haka ga Ba'isra'ile, sunan Na'aman sunan maƙiyi ne. Mutum ne mai ɗaukaka, jarumi, sarkinsa yana ji da shi, yana kuma sujada a haikalin wani gunki mai suna Rimmon. Amma a ƙarƙashin kayan sarautarsa akwai kuturta.

Kafin mu ci gaba, bari in yi gargaɗi ɗaya. Kalmar da aka fassara da kuturta a Tsohon Alkawari ta haɗa cututtukan fata iri dabam dabam. Cutar kuturta da muka sani yau ƙwayar cuta ce take kawo ta, tana da magani, ana warkewa, tun shekarar 1995 kuma kyauta ake ba da maganin. Kada wani ya ji wannan labari ya ce mai kuturta la'ananne ne. Yesu da kansa ya miƙa hannu ya taɓa kuturu.

Abin da nake so mu lura da shi a kan Na'aman shi ne, mutumin da muke gani kamar ba ya bukatar kome, yana da ciwon da ba ya faɗa wa kowa. Maƙwabcinka mai babban shago, da shugabanka a wurin aiki, da tsohon nan da yake riƙe da tsafin gidanku a ƙauye, kowannensu yana da abin da yake hana shi barci. Allah ya san wannan ciwo, yana kuma neman wanda zai aika.

YARINYAR DA BA A FAƊI SUNANTA BA

Allah ya fara aikinsa ta wurin wadda ba wanda zai zaɓa. Maharan Suriya sun shiga ƙasar Isra'ila, suka kamo wata ƙaramar yarinya, ta zama baiwar matar Na'aman. Ba a faɗa mana sunanta ba. An raba ta da mahaifiyarta, da garinsu, da harshenta, aka kai ta bauta a gidan shugaban sojojin da suka yi mata wannan ɓarna.

Mu a ƙasar nan ba ma bukatar a bayyana mana zafin wannan abu. A watan Afrilu na 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantarsu a Chibok, da yawa cikinsu 'ya'yan ikkilisiya ne. Akwai iyayen da suke sauraronmu yanzu waɗanda suka san kukan da mahaifiyar yarinyar nan ta yi. Littafi Mai Tsarki bai ce maharan sun yi daidai ba. Satar mutum mugunta ce a gaban Allah, jiya da yau.

To, ka sa kanka a matsayin yarinyar. Wata rana ka gane maigidan da ya jawo maka wannan baƙin ciki yana da cutar da za ta cinye shi. Me zuciyarka za ta ce? Da yawanmu za mu ce, "Allah ya kama shi. Alhakina ne." Za mu rufe bakinmu, muna kallo, muna jin daɗi a ɓoye. Ba wanda zai zarge ta in ta yi shiru, gama ba wanda ya san tana da labarin da zai cece shi.

Amma ta buɗe baki. Ta faɗa wa uwargijiyarta cewa akwai annabi a Samariya, in da maigida zai je wurinsa, da ya warke. Maganarta ke nan duka, aya ɗaya tak. Ba ta yi wa'azi mai tsawo ba, ba ta yi gardamar addini ba, ba ta kuma ce sai an sake ta kafin ta faɗa ba. Ta yi fatan alheri ga mutumin da ya kamata ta ƙi.

Ku lura da wani abu kuma. An gaskata ta. Matar babban mutum ta kai maganar baiwa wurin mijinta, mijin ya kai wa sarki, sarki ya rubuta wasiƙa, aka ɗaura kaya aka kama hanya. Me ya sa manyan mutane za su tashi tafiya zuwa ƙasar abokan gāba a kan maganar ƙaramar baiwa? Nassi bai faɗa ba, amma kowane mai gida ya san amsar. Yaron da aka saba kamawa da ƙarya, ko ya ce gobara ta tashi sai an leƙa tukuna. Ina ganin mutanen gidan nan sun daɗe suna kallon yarinyar, a wurin shara, da wanke-wanke, da aike, ba su taɓa samun ha'inci a wurinta ba. Halinta ya share wa maganarta hanya.

Wannan shi ne tsarkin zuciya a aikace. Zuciya mai tsarki ita ce zuciya ɗaya, wadda ba ta rabu biyu ba, abin da ke ciki shi ne abin da ke waje. A Matiyu 5:8 Ubangiji Yesu ya yi wa masu irin wannan zuciya alkawarin ganin Allah. Wanda yake ganin Allah kuwa, yakan fara ganin mutane yadda Allah yake ganinsu. Yarinyar ta dubi Na'aman, ta ga mutum mai ciwo wanda Allah zai iya warkarwa.

ANNABIN DA YA ƘI KARƁAR KYAUTA

Na'aman ya taso da talanti 10 na azurfa, da shekel 6,000 na zinariya, da riguna 10 na ado. Talanti ɗaya ya kai kimanin kilo 34, ke nan azurfar kaɗai ta haura kilo 300. Ya zo da shirin sayen lafiya, gama haka ya saba. A wurin bokaye da matsafa ba a zuwa hannu wofi.

Da ya iso ƙofar gidan Elisha da dawakansa da karusansa, annabin bai ko fito ba. Ya aiki manzo ya faɗa masa ya je ya yi wanka sau 7 a Kogin Urdun. Na'aman ya husata. Yana tsammani annabin zai fito, ya kira sunan Allahnsa, ya kaɗa hannu a kan wurin ciwon. Ya ce kogunan Dimashƙu, wato Abana da Farfar, sun fi dukan ruwayen Isra'ila. Ya juya zai tafi, sai barorinsa suka lallashe shi, suka ce da abu mai wuya aka ce ya yi, ai da ya yi, balle wanka. Ya sauka, ya nitse sau 7, fatarsa ta koma kamar ta ƙaramin yaro. Ya komo ya tsaya a gaban Elisha, ya shaida da bakinsa cewa yanzu ya sani babu wani Allah a duk duniya sai Allah na Isra'ila.

Sa'an nan ya roƙi annabin ya karɓi kyauta. Elisha ya rantse ba zai karɓi kome ba. Na'aman ya matsa, ya ƙi. Me ya sa? Ba laifi ba ne bawan Allah ya ci daga aikinsa, a wasu wurare ma Elisha ya karɓi abinci da masauki daga hannun mutanen Allah. Amma wannan mutum sabon shiga ne, ya fito daga inda ake sayen tagomashin alloli da kuɗi. Da Elisha ya karɓi ko riga ɗaya, da Na'aman ya koma Dimashƙu yana cewa Allahn Isra'ila ya fi Rimmon ƙarfi, amma shi ma da farashinsa. Elisha yana so mutumin ya koma gida da dukan kayansa, domin duk lokacin da ya dubi azurfar nan ya tuna cewa alherin Allah kyauta ne.

Ku dubi kuma haƙurin annabin. Na'aman ya roƙi a ba shi ƙasa, kayan alfadari 2, domin ya yi wa Ubangiji sujada a kanta a garinsu. Ya kuma faɗi damuwarsa, cewa aikinsa zai sa ya raka sarkinsa cikin haikalin Rimmon. Elisha bai ɗora masa dokoki ɗari a rana ɗaya ba. Ya sallame shi da salama, ya bar shi a hannun Allahn da ya fara aiki a cikinsa. Mai tsarkin zuciya ba ya neman mallakar wanda ya kai wa bishara.

GEHAZI, BARAN ANNABI

Da labarin ya ƙare a nan, da mun rufe littafi da murna. Amma akwai mutum na uku. Gehazi baran Elisha ne. Ya zauna a gidan annabi, ya ga al'ajibai da idonsa, yana nan sa'ad da aka ta da ɗan matar nan ta Shunem daga matattu. In a zamaninmu ne, da mun ce ɗan ikkilisiya ne na gaske, ba ya fashin sujada, kullum yana kusa da fasto.

Da ya ga kayan nan suna komawa Suriya, zuciyarsa ta bi su. Ka karanta aya 20 da kyau, ka ga yadda ya kira Na'aman a ransa. Ya kira shi da sunan kabilarsa, mutumin nan Basuriye. Yarinyar da aka zalunta ta kira shi maigidana, amma baran annabi bai ga kome a jikinsa ba sai baƙo, maƙiyi, wanda ya halatta a ci dukiyarsa. Raini ya fara shiga, kwaɗayi ya biyo baya, ƙarya ta rufa musu baya.

Ya ruga ya bi karusar. Na'aman, babban mutum, ya sauko ya tarye shi da ladabi, abin da ba zai yi ba kafin ya shiga Urdun. Gehazi ya shirya ƙarya da sunan maigidansa, ya ce samari biyu daga cikin ƙungiyar annabawa sun iso daga ƙasar tuddai ta Ifraimu, ana bukatar talanti 1 na azurfa da riguna 2. Na'aman da farin ciki ya ba shi talanti 2, ya haɗa shi da barori biyu su ɗaukar masa. Gehazi ya ɓoye kayan a gida, ya shiga ya tsaya a gaban Elisha kamar ba abin da ya faru. Da aka tambaye shi inda ya fito, ya ce bai je ko'ina ba. Amma Allah ya riga ya nuna wa annabin kome. Ciwon da ya rabu da Na'aman ya manne wa Gehazi. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Me ya sa hukuncin ya yi tsanani haka? Domin abin da Gehazi ya taɓa ya fi azurfa. Ya ɓata darasin da Allah yake koya wa sabon mai bi. Na'aman ya bar gidan annabi da sanin cewa alheri kyauta ne, Gehazi ya bi shi a hanya ya sa masa farashi. Manzo Bulus ya yi irin wannan kuka a Romawa 2:24, inda ya nuna cewa halin mutanen Allah yakan sa al'ummai su zagi sunan Allah.

INA MUKE TSAYE?

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, bari mu kawo maganar gida. Akwai ƙazanta iri uku da suke ɓata shaidarmu a tsakanin maƙwabtanmu, ko Musulmi ne, ko masu bin addinin gargajiya, ko waɗanda ba su kula da addini ba sam.

Ta farko ita ce ƙiyayya da riƙo. Ba za mu ɓoye ba, an ji mana ciwo. Wanda ya ga abin da ya faru a Kafanchan a 1987, ko Zangon Kataf a 1992, ko Kaduna a 2000, ko Jos a 2001, ya san an ƙone majami'u da masallatai, an binne mutane daga kowane ɓangare. Garuruwanmu da yawa sun rabu, wannan unguwa ta waɗannan, waccan ta waɗancan. Neman adalci a gaban hukuma ba zunubi ba ne, tsare iyalinka ba zunubi ba ne. Amma in ka bar ciwon ya zama ƙiyayya ga jama'a ɗungum, bakinka ya rufu ke nan. Ba za ka iya kai labarin ƙaunar Allah ga mutumin da kake fatan halakarsa ba. Ka tuna, a Luka sura 4, sa'ad da Yesu ya tuna wa mutanen Nazarat cewa akwai kutare da yawa a Isra'ila a zamanin Elisha amma Na'aman Basuriye ne aka tsarkake, sai suka cika da fushi, suka fitar da shi bayan gari za su jefa shi daga kan dutse. Masu zuwa sujada ne, amma ba su so su ji cewa Allah yana ƙaunar maƙiyinsu. Ka tuna kuma, a watan Yuni na 2018, a ƙauyen Nghar cikin ƙaramar hukumar Barkin Ladi, wani limami, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban mahara ya hana a taɓa su. In ka yi wa jama'a kuɗin goro, wannan dattijo ma ka haɗa da shi.

Ta biyu ita ce raini da girman kai. Wani yakan fita bishara domin ya ka da abokin magana a gardama, ya dawo yana ba da labarin yadda ya rufe masa baki. Ka ci gardama, ka rasa mutum, wace riba ka samu? Manzo Bitrus, a wasiƙarsa ta fari 3:15-16, ya ce mu zauna da shirin ba da amsa ga mai tambayarmu dalilin begenmu, amma ya haɗa da sharaɗi, a yi shi da tawali'u, da ban girma, da lamiri mai kyau. Zagin abin da mutum yake girmamawa bai taɓa buɗe zuciyarsa ba. Wannan ya shafi abin da muke turawa a waya ma. Saƙon ba'a da cin mutunci da ka tura wa 'yan ƙungiyarku a WhatsApp, ka sani wata rana zai kai hannun maƙwabcinka, da sunanka a kai.

Ta uku ita ce rayuwa biyu da neman riba. Mai awo da mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa, ranar Lahadi kuwa yana cikin mawaƙa. Ma'aikacin da ba ya sa hannu a takarda sai an ba shi na goro, ga Littafi Mai Tsarki a kan teburinsa. Mai cin bashi ya ƙi biya, mai neman matan mutane, mai kai gulma gida gida. Har da mai wa'azin da yake sa wa addu'a farashi, yana sayar da mai da ruwa da sunan warkarwa. Duk wannan aikin Gehazi ne. Maƙwabtanmu da yawa ba su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, ko da yake tun 1932 yake a harshen Hausa. Mu ne littafin da suke karantawa kullum, gani kuwa ya kori ji.

Iyayenmu cikin bangaskiya sun san wannan. A wuraren jinyar kutare, kamar Garkida, da Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga kusa da Katsina, da Amanawa kusa da Sakkwato, an sami mutanen da suka ba da gaskiya domin sun ga hannuwan da suke wanke musu gyambo a lokacin da danginsu ma suke gudunsu. Yawancin masu wannan aiki ba a rubuta sunayensu ba, kamar yarinyar gidan Na'aman. Mu ma in za mu yi taimako, mu yi shi kamar Elisha, ba da sharaɗi ba. Taimakon da aka mai da shi tarko, wai sai ka shiga addinina kafin in ba ka, ciniki ne, Allah kuwa ba ya cikinsa.

TAMBAYOYI BIYU

Wani zai ce, "Ai Allah yana iya amfani da kowa. Yunusa ya yi wa Nineba wa'azi da baƙar zuciya, suka kuwa tuba." Gaskiya ne. Bulus ma, a Filibiyawa sura 1, ya ce waɗansu suna wa'azin Almasihu saboda kishi, duk da haka ya yi murna da ana shelar Almasihu. Ikon yana cikin Maganar. Amma ka dubi inda littafin Yunusa ya bar shi, yana zaune a bayan gari, rana tana dukansa, yana fushi domin Allah ya ji tausayin mutane fiye da 120,000. Birni ya tsira, mai wa'azi ya rasa farin cikinsa. Haka kake so ƙarshenka ya zama?

Wani kuma zai ce, "To, in haka ne, bari in yi shiru sai ran da zuciyata ta tsarkaka sarai." Wannan ma dabarar Shaiɗan ce. Matar nan Basamariya a Yahaya sura 4, a ranar da ta sadu da Yesu ta bar tulunta ta shiga gari tana kiran mutane, ba ta kuwa ɓoye irin rayuwar da ta yi ba. Allah ba ya jiran marasa kuskure, da bai sami ko ɗaya ba. Yana neman masu gaskiya, waɗanda in sun faɗi sukan tuba, in sun cuci mutum sukan je su nemi gafara. Kirista da ya je wurin maƙwabcinsa marar bi ya ce, "Na yi maka laifi, ka yafe mini, ga kuɗinka," ya yi wa'azin da ya fi na lasifika ƙarfi.

YADDA ZUCIYA TAKE TSARKAKA

Ba ka iya wanke zuciyarka da kanka. Yesu ya koyar a Markus sura 7 cewa abin da yake ƙazantar da mutum daga cikin zuciya yake fitowa, sabulu kuwa ba ya kaiwa can. Na'aman ya zo da azurfa da zinariya, ba su amfane shi ba, sai da ya sauko daga karusarsa, ya tuɓe kayan girmansa, ya yi biyayya. Haka yake a gare mu. Jinin Yesu Almasihu, wanda ya mutu a kan gicciye ya kuma tashi a rana ta uku, shi ne yake tsarkake mu. Wasiƙar Yahaya ta fari 1:9 ta tabbatar mana cewa wanda ya hurta zunubinsa, Allah zai gafarta masa ya kuma wanke shi.

Ka dubi yadda Dawuda ya jera roƙonsa a Zabura 51. A aya 10 ya roƙi Allah ya yi masa sabuwar halitta a zuciya. Sai a aya 13 ya yi maganar koya wa masu zunubi hanyar Allah. Ishaya ma, a sura 6, sai da aka taɓa leɓunansa da garwashin wuta daga bagade kafin ya amsa kiran aike. Wanka tukuna, sa'an nan aike.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka ka yi a wannan mako. Ka zaɓi mutum ɗaya marar bi wanda kuke hulɗa da shi. Ka durƙusa ka tambayi Ubangiji, "Me ke cikin zuciyata game da wannan mutum?" In ƙiyayya ce, ka faɗe ta da sunanta a gaban Allah. In akwai hakkinsa a hannunka, ka mayar kafin Lahadi. Ka riƙa ambaton sunansa cikin addu'a kowace safiya, gama da wuya ka ci gaba da ƙin mutumin da kake yi wa addu'a. In an yi masa rasuwa ka je gaisuwa, in an yi haihuwa ka je barka, in yana asibiti ka duba shi. Ran da ya buɗe maka ciwonsa, kada ka ji tsoro, kada kuma ka tsawaita. Ka faɗa masa abin da Yesu ya yi maka, ka nuna masa inda ka sami taimako, kamar yadda yarinyar nan ta yi. In ya karɓa, ka gode wa Allah. In ya ƙi, ka ci gaba da zama maƙwabcin kirki, gama ba domin ya tuba kaɗai kake ƙaunarsa ba. Sāke zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne.

Kai kuma mai sauraro da ba ka ba da gaskiya ga Almasihu ba tukuna, mun gode da ka saurare mu har zuwa nan. Mai yiwuwa wani Gehazi ya taɓa cutarka da sunan Kirista, ka ce in haka addinin yake, ba ka so. Muna roƙonka, kada halin bara ya hana ka zuwa wurin Maigidan. Yesu bai taɓa cutar kowa ba, ba ya kuma karɓar ko kwabo. Ka nemi Linjila ka karanta da kanka, ka roƙi Allah ya nuna maka gaskiya.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, kai ne mai binciken zukata, ba abin da yake ɓoye a gare ka. Ka ga ƙiyayyar da muka riƙe, da rainin da muke yi wa maƙwabtanmu, da kwaɗayin da yake sa a zagi sunanka. Ka wanke mu da jinin Ɗanka Yesu. Ka ta'azantar da waɗanda aka kashe musu 'yan'uwa, ka komo da waɗanda suke hannun masu garkuwa, ka ba ƙasarmu salama. Ka ba mu zuciya ɗaya, mai ƙaunarka da ƙaunar mutanen da ka halitta, ka kuma buɗe bakinmu a lokacin da ya dace. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Masu sauraro, sai wani mako in Ubangiji ya kai mu. Alherin Ubangiji Yesu ya kasance tare da ku duka.